Liatu da Burodin Maigidanta

Ni dai ban taɓa zama da mace mai tambaya irin Liatu ba, kuma na zauna da mata iri-iri. Sunana Barakatu. Tun bayan rasuwar maigidana nake toya waina a ƙofar wani gidan haya a Funtuwa, kuma gidan nan aka kawo Liatu amarya daga Mahuta, 'yan shekaru bayan an sami 'yancin kai. Mijinta Habila yana aiki a injin gurzar auduga. Su Kirista ne, ni Musulma. Ɗakinsu yana kallon nawa, igiyar shanyarmu ɗaya.

Amarya ai sai ta yi wata guda tana sunkuyar da kai, ko ba haka ba? To, ban da wannan. Tun lallen hannunta bai goge ba ta zo ta tsuguna gefen tandata.

“Yaya Barakatu, me ke sa ƙullun nan ya tashi in ya kwana?”

“Tsami ne.”

“To, me ke kawo tsamin?”

“Ke, ni na sani? Matsa mini, hayaƙi na shiga idona!”

Ba ta ji haushi ba, dariya ma ta yi. Haka take. Me ya sa jirgin ƙasa ke kuka tun bai shigo tasha ba? Me ya sa baƙar kaza ke yin farin ƙwai? Wallahi wani lokaci har kaina ke ciwo. Amma in ta tafi ganin gida sai in ji tsakar gidan ya yi mini faɗi.

Ranar Juma'a nakan yi funkaso, don akwai masu saye in an sauko daga masallaci. Wata Juma'a na juya baya ke nan, sai na ga Liatu ta gutsiri kwaɓin alkamata ta jefa cikin ƙwaryar ruwa tana murzawa. Ruwan ya yi fari, ta zubar, ta sake wani, ta yi ta yi har abin da ya rage a hannunta ya zama wani ɗan curi mai yauƙi. Ta ja shi, ya miƙe kamar danƙon harbin tsuntsu. Ta ruga ta kwaɓo garin dawa ta yi masa haka, shi kuwa ya narke duka, ko ɗigo bai saura ba.

Ta ɗaga curin nan tana juya shi a rana. “Yaya, in mutum ya ci wannan, ina yake zuwa?”

“Inda tuwo ke zuwa mana! Kin ɓata mini kwaɓi kina yi mini tambayar banza.”

Na mance da zancen. Ashe ita ba ta mance ba.

Shekara na zagayowa ta haifi namiji, aka sa masa Amos. Nan ne na ga bakin Liatu ya mutu a karon farko. Ɗan fari ne, kuma shiga coci bai raba mutanen Mahuta da kunyar ɗan fari ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai ta kau da kai har wani ya ce, “Ke, ɗauke shi mana.” In dole ta kama ta ambace shi sai ta ce “yaron nan”. Amma ni da muke gida ɗaya na sha hango ta ta tsakanin asabari, ta ɗora shi a cinya tana ƙirga yatsun ƙafarsa, tana yi masa tambayoyin da ba mai amsawa.

Habila kuwa ya ce shi birni ya zo, babu ruwansa da wata kunya. Mutumin kirki ne, ba shi da hayaniya. Cikin yunwa ya tashi, ubansa ya mutu yana ƙarami, kuma ya sha gaya mini cewa sai da ya yi gemu sannan ya fara sa burodi a baki, a tashar jirgi, ranar da ya karɓi albashinsa na fari. Ya ce a ranar ya yi wa kansa alkawari, in Allah ya ba shi ɗa, kullum sai ya ci abin nan. Kowace yamma za ka ji ƙararrawar kekensa, ya shigo da farin auduga a gashin kansa, da burodi naɗe cikin tsohuwar jarida a bayan keke.

Da lokacin yaye ya yi aka kai Amos Mahuta wajen kakarsa Inna Kulu, uwar Habila, kamar yadda aka saba. Ya sha kununsa na gero, ya dawo ɓul-ɓul, kumatu kamar an hura. Daga ranar uban ya fara cika alkawari. Zai zauna bakin ƙofa ya haɗa shayi, ya tsoma burodi ya yi laushi, yana ba yaron a baki yana dariya. Kowa ya gani sai ya ce, kai, wannan yaro ya yi dacen uba.

Ba a daɗe ba zawo ya fara. Muka ce haƙori ne. Haƙora suka fito, zawo bai tsaya ba. Kashin fari-fari, mai maiƙo, da wani irin wari da ban taɓa ji a jikin yaro ba. Ciki ya kumbura ya yi tsini, ƙafafu suka zama kamar sillen kara, fatar ɗuwawunsa ta yamutse irin ta tsoho. Yaron da ke bin kajina da gudu ya koma zama wuri ɗaya, ko kallonsa ka yi sai kuka. Malamin ɗakin shan magani ya ba da maganin tsutsa, aka sha, babu canji. Ya sake wani, ya kuma ce a riƙa ba shi abinci mai laushi.

To, ga inda abin yake. A zamanin nan in za ka gaida mara lafiya kana so a san ka mutunta shi, burodi za ka riƙo. Abincin manya ne, abincin asibiti, ba kowa ke iya saye ba. Matan cocinsu suka yi ta zuwa, kowace da nata a ƙarƙashin gyale. Abokan aikin Habila ma haka. Yaro ya ƙi tuwo, sai a ce, a ba shi burodi, shi ne mai laushi. Yana ƙara ramewa ana ƙara tsoma masa a shayi, uban har rage nasa cin yake yi don na yaron ya wadata.

Inna Kulu ta zo dubiya, ta ɗaga jikanta ta ji shi sakayau, ta saki salati irin nata na da, don ita bakinta bai gama sabawa da na coci ba. “Maigidana, haka suka mai da kai? Tashi mu tafi gida.” Ta goya shi ta hau mota.

Ka san abin mamaki? Kafin damina ta yi nisa labari ya zo cewa Amos na bin awaki. Habila ya je ya gano shi, ya dawo bakinsa har kunne. Aka bar shi ya ƙara ƙwari, aka dawo da shi Funtuwa. Uban ya yi murna, ya sayo burodi mafi girma da ya samu. Kafin wata ya mutu mun koma gidan jiya.

Nan Liatu ta fara abin da ya sa matan unguwa suka ce ta taɓu. Ba ta da bakin tambayar kowa game da ɗanta, don haka sai ta koma tambayar abubuwa. Ta ce ko ruwan Funtuwa ne? Ta roƙi wani direban motar auduga ya riƙa kawo mata tulu cike da ruwan rijiyar Inna Kulu. Haba, ruwa a mota tun daga Mahuta, rabi ya zube a hanya! Da shi take dama masa kunu, da shi take haɗa masa shayin da ake tsoma burodin. Zawo bai san ana yi ba. Ta ce ko ɗakin ne? Ta kawo shi ɗakina ya yi ta kwana a bayana. Babu canji. Ta daina sa masa kanwa a kunu, ta daina ba shi gyaɗa, ta sake tukunya, ta sake ludayi. Wata rana na tarar da ita tana shinshina tabarmarsa.

Na ce, “Liatu, kin fara ba ni tsoro.”

Ta ce, “Yaya, akwai abin da ke nan wanda babu shi a can. Abu ba ya faruwa haka kawai.”

Burodi kuwa ko a mafarki bai zo mana a rai ba. Wa zai zargi magani?

Aka sake mai da yaron Mahuta, ya sake miƙewa. Sai magana ta fara yawo, irin wadda ake yi ƙasa-ƙasa a bakin rijiya. Wasu suka ce garin ne bai karɓe shi ba. Wasu suka ce a'a, hannun uwar ne, akwai matan da ɗa ba ya albarka a hannunsu. Na ji wata ta faɗi haka a gaban tandata, na ce ta ajiye mini wainata ta kama gabanta, ba na son kuɗinta. Amma zagina bai hana maganar isa Mahuta ba. Da kaka ta yi, Inna Kulu ta aiko da saƙo: in an taru Kirsimeti za a yanke magana, Amos ya zama nata, ba zai sake kwana a Funtuwa ba.

Ranar da saƙon ya zo Liatu ta shigo ɗakina ta zauna a ƙasa. Ba ta tambaye ni komai ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Can ta ce, “In na riƙe shi zai mutu. In na sake shi ya tashi yana ce mini baƙuwa.” Ta yi kuka, ni ma na taya ta.

Ta riga mu tafiya Mahuta da sunan taya surukarta sussukar dawa. Ni kuma ina son sabon gero mai araha, ga shi ta roƙe ni kada in bar ta ita kaɗai a ranar, sai na bi Habila ana jajibirin Kirsimeti. A motar ya ƙi yarda a ɗora tsarabarsa a sama. Burodi ne manya guda biyu, ya rungume su a ƙirji har muka isa.

Muka tarar da Amos a ƙofar gida ya yi baƙi ya yi ƙiba, yana jan akuya da igiya. Ya ga uban ya sheƙo. Habila ya tsuguna nan cikin ƙasa ya ɓare jarida, yaron ya yi ta turawa da hannu bibbiyu, kowa na dariya. Da safe ma aka ƙara masa da shayi kafin su tafi coci.

Kafin azahar ya fara amai. Zuwa la'asar zawon nan ya dawo, da warinsa da komai, a tsakar gidan Inna Kulu, inda bai taɓa yi ba.

Washegari aka zauna a rumfa. Ga Inna Kulu, ga Habila, ga Baba Maiwada, ƙanen marigayi uban Habila, wanda shi ne babba a gidan. Ni ina gefe a matsayin baƙuwa. Liatu tana bakin murhu ta ba mu baya, don ba a sa uwar ɗan fari cikin irin wannan zance.

Inna Kulu ta ce, “To, kun gani da idonku. Ba gari ba ne, ba ruwa ba ne. Yaro na lafiya lau, uwar ta zo, ciwo ya biyo ta. Ni ban ce ta yi da gangan ba, yarinyar kirki ce. Amma jininsu bai haɗu ba. A bar mini shi, ita kuma ta rage zuwa.”

Habila ya sunkuyar da kai. Baba Maiwada ya gyara murya zai rufe magana.

Sai muka ji an ajiye muciya. Liatu ta taso, ta zo ta durƙusa a bakin rumfa.

“Inna, ku gafarce ni. Ina da tambaya.”

Na ce a raina, yau ake yin ta.

“Tun yaushe na zo gidan nan?”

Inna Kulu ta ce, “Tun farkon sussuka.”

“Wa ke dama masa kunu tun ranar? Wa ke yi masa wanka in kin tafi gona?”

Tsohuwa ta ce, “Ke ce.”

“Ya yi zawo?”

“Bai yi ba.”

“To, ba ni na zo shekaranjiya ba, Inna. Na sake masa ruwa, na sake ɗaki, na sake tukunya. Abu ɗaya ne ban taɓa cirewa ba, don ban taɓa zaton sa ba. A gidan nan babu shi, sai shekaranjiya ya shigo cikin jarida. Ina roƙonku ku ba ni Amos. Ɗana ne. Ku ba ni Amos in gwada.”

Sau biyu ta faɗi sunan, a gaban surukarta, a gaban Baba Maiwada. Wata mata da ke leƙe ta katanga ta kama baki. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi, don tun ranar suna ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Habila ya ɗago, idonsa ja. “Burodi? Liatu, burodi kike nufi? Abin da Turawa ke ci? Ni ba na ci? Yaya Barakatu ba ta ci? Wa ya kashe?”

“Maigida, ban ce yana kashe kowa ba. Kai ma ai ba ka shan nono, ka ce yana murɗa maka ciki, ni kuwa ina sha lafiya.” Ta juyo wajena. “Yaya, kin tuna danƙon nan da na wanko a kwaɓinki? Burodi ba da garin alkama ake yin sa ba? Dawa ba ta da shi, gero ba shi da shi. Ni ban sani ba ko shi ne. Amma ina so in sani.”

“Wato ni ke sa wa ɗana ciwo,” in ji Habila. Ya tashi ya fita daga rumfar.

Na zaci magana ta lalace. Sai Inna Kulu ta ja tsaki ta ce ita dama can ba ta taɓa yarda da abincin da za ka matse shi a hannu ya koma kamar auduga ba. Ta daɗe tana kallon surukarta. Ina jin rashin kunyar ya ba ta haushi, amma tambayar ta fi ƙarfinta. Baba Maiwada ya yanke: a ba Liatu yaron har a tashi kasuwar auduga. In ya miƙe, shi ke nan. In ya koma, ta kawo shi da hannunta, kuma kada a sake jin bakinta.

Muka dawo Funtuwa. Liatu ta zama kamar mai gadin ƙofa. Kunun gero, tuwon dawa da miyar kuka, dankali, ƙwai, wake, da wainata ta shinkafa, wadda ta sa na riƙa toya masa a tanda daban. Duk wanda ya zo dubiya da burodi sai ta karɓa da godiya ta miƙo mini ta bayan ƙofa, har na gaji da ci. Da fari ba mu ga komai ba, gabanmu na ta faɗuwa. Sannan zawo ya ragu. Sannan ya tsaya. Cikin ya fara saɓewa, wuyan ya fara cika. Malamin ɗakin shan magani ya duba shi, ya yi ta yi wa Liatu tambayoyi, karon farko da na ga an juya mata abin nata. Ya ce ta ci gaba da abin da take yi.

Amos ya rayu, ya girma, ya yi 'ya'ya. Sau ɗaya ya saci alkaki a gidan biki yana ɗan makaranta, ya kwana biyu yana zarya bayan gida, daga nan ya kama kansa. Funkaso, taliya, gurasa, duk ya bar wa masu iyawa. Ƙannensa kuwa suna cin komai lafiya, ko gezau. Da daɗewa bayan haka wata jikata da ta yi aikin jinya ta ce mini likitoci sun san ciwon, har suna gare shi, ta faɗa, harshena ya kasa ɗauka. Na ce ta je ta gaya wa Liatu, ita ce mai son sani. Ta je, ba ta dawo ba sai da rana ta faɗi, wai tsohuwa ta tsare ta da tambaya.

Amma abin da ba ya barin raina wata yamma ce, tun kasuwar auduga ba ta tashi ba. Tun dawowarmu daga Mahuta Habila bai sake shigowa da burodi ba, bai kuma sake sakin fuska ba. Gaisuwa kawai ke haɗa shi da matarsa. A ransa bai yarda ba, jira yake a ga ƙaryar abin. Ran nan aka yi albashi, sai muka ji ƙararrawar keke, ya shigo, ga jarida naɗe a baya. Ko mantuwa ce, ko gwaji yake so ya yi, ban taɓa tambayarsa ba.

Amos na zaune kusa da ni. Yana jin ƙararrawa ya miƙe ya sheƙa da gudu. Gudu fa, a tsakar gidan nan, inda tun da ciwon nan ya kama shi ba mu ga ya yi ba. Ya rungume ƙafar uban, ya hango jaridar, ya miƙa hannu yana tsalle. “Baba, ba ni! Baba, ba ni!”

Liatu na tsaye da ludayi a hannu.

Habila ya kwance burodin. Ya dubi ƙafafun yaron, waɗanda suka yi gudun. Ya dubi abin da ke hannunsa. Sai ya mai da hannun bayansa.

Yaro ya fashe da kuka, yana dukan gwiwar uban, yana zagayawa ta baya, uban na juyawa. Ban taɓa ganin Habila ya hana shi komai ba sai ranar. Ya matso wajena da baya da baya, ya saki burodin cikin faifaina ba tare da ya kalle ni ba. Sannan ya ɗauki ɗansa, ya zauna a bakin ƙofa, daidai inda ya saba zama da kofin shayi. Hawaye na bin farin audugar da ke fuskarsa.

Ya ce, “Yaya Barakatu, akwai sauran waina?”

Na ce akwai. Liatu ce ta karɓa ta kai masa.